Kunnen Kawu Sallau

Dogon Dutsi, 9 ga Maris 1958

Zuwa ga taubashina Issa, na biro, ofishin labarai a Yamai.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Hawwa'u da yara. Mu nan lafiya lau muke, in ka cire gwiwata ta hagu, wadda ta fara ƙidaya mini shekaru duk ranar da na hau keke. Gwaggonka na gaishe ka. Ta ce hoton da ka aiko ya iso, ta duba shi da kyau, ta ga kwat, ta ga igiyar wuya, amma ɗan ƙanenta bai fito ba. 'Yan lakwal ɗina, yaran makarantar da nake koyarwa, arba'in da ɗaya ne bana. Uku na karatu, sauran na jiran damina.

Ga abin da ya sa na ɓata tawada. Dokar da kuka aiko mana watan jiya an karanta ta a ƙofar bariki. Duk mai radiyo ya kai ta a rubuta lambarta. Ba a tara jama'a a saurari tashar waje. Duk wata sanarwa a kasuwa ko dandali, sai mai riƙe da takardar izini mai hatimi. Ta farko da ta biyu ba su hana ni barci ba, don radiyoyin ƙasar nan duka ba su cika yatsun hannu biyu ba. Ta ukun ce ta faɗo a tsakar gidanmu.

Takardar izini guda ɗaya kumandan ya bayar, kuma Alhaji Tukur mai kanti ne ya same ta. Radiyon da aka yarda a taru a saurara, a zaurensa take. Jaridar da ke zuwa daga wajenku, a kantinsa ake sauke ta. Batir ma shi ke sayarwa. Yanzu ya sayo amsa-kuwwa daga Kwatano, wani ƙaton ƙaho na ƙarfe, ya ɗaura a kan kamyonsa, motarsa ta kaya, yana bin kasuwanni da ita: Kieshe, Ɗan Kassari, Tibiri, Kore Mairuwa. Haihuwa ce, rashi ne, jaki ne ya ɓata, ba a ji sai ta bakin Alhaji. Kuma kafin ya faɗi wanda ya mutu, sai ya gama yabon sabulunsa.

Ranar kasuwar Kore Mairuwa da ta wuce, Kawu Sallau, kawuna kuma babanka, ya hau tudun nan na gindin tsamiya kamar yadda ya saba shekara arba'in da 'yan kai, ya ɗora hannu a kunne. Ya ce, "Masu saye ku dakata." Bai kai ga "masu sayarwa ku numfasa" ba, ɗan gardi ya dafa shi. Ɗan gardin ma yaron garin ne, Kawu ne ya yi shelar sunansa. 'Yar Kawu, Kaltume, ta ce kan yaron a sunkuye ya tambayi takarda. Kawu ya ce, "Takardar mi?" Ya ce, "Ta magana, Baba." Kawu ya sauko ya tafi gida, ko goro bai tsaya saye ba.

Ka tuna muryar nan, Issa. Muna can bakin tabki muna harbin kurciya, in ya ɗaga ta har ruwan sai ka ga kamar ya motsa. Na karanta a littafin nasara cewa su ma biranensu da sankira suka fara, mutum da ganga yana bin titi. Ban ga inda aka rubuta cewa sun nemi hatimi a maƙogwaronsa ba, amma wataƙila wannan shafin ne gara ta ci.

Kai kana kusa da masu hatimi. Samo wa tsohon nan takarda da sunansa, ta kasuwar Kore Mairuwa kaɗai. Ban taɓa roƙon ka komai ba, sai ƙamus ɗin nan da har yau ban mayar ba.

Naka,
Mani

Yamai, 2 ga Afrilu 1958

Zuwa ga Mushe Mani, ɗan mace, ɓarawon ƙararrawa.

Takardarka ta same ni lafiya, na yi dariya har maƙwabcin teburina ya leƙo. Allah ya ba gwiwa lafiya. Ka gaya wa Gwaggo wuyan yana nan cikin kwat, zan kawo mata shi da salla. Hawwa'u ta yi zazzaɓi kwana huɗu, yanzu ta miƙe.

Dokar da kake zagi, ni na buga ta da keken rubutu, kwafi goma sha biyu, saboda haka ka sassauta mata. Ku a Dutsi ba ku ga abin da muke gani ba. Ƙasa na gab da babban al'amari, ana maganar ƙuri'a kafin ƙarshen shekara. Tashar Alƙahira na faɗin nata, ta Kaduna na faɗin nata, mutum ya ji rabi a zaure ya kai kasuwa ya mai da shi biyu. Wata biyu da suka wuce, a wani gari na yamma, wani ya yi shela wai za a kwashe samari soja, kafin la'asar rabin garin ya shige daji. Dole a san bakin da magana ke fitowa. Baki ɗaya ya fi sauƙin tsaro. An ba Alhaji Tukur ne don shi ke da mota da na'ura, ba don kyan fuskarsa ba.

Batun Baba Sallau kuwa, na san alƙalaminka. Kai ne ka taɓa rubuto mini cewa yunwa ta gama da ƙasarmu ta Arewa, na zo na tarar da kai gaban akushin tuwo. Baba ya haura saba'in. Ya yi ihu shekara arba'in, in ya huta laifi ne? Na aika masa da bargo da kwalbar zuma ta hannun direban mota. Ka ce da Kaltume ta riƙa ba shi da safe.

Ba a ba da takarda irin wannan don zumunta. In na shiga neman ta, za a ce kwami, akawun biro, na gyara doka don gidansu. Bari ƙuri'a ta wuce mu gani.

Ka gaida 'yan lakwal ukun. Ka kuma kula da ƙararrawar makarantarku, tun da yanzu a hannunka take.

Ubangidanka,
Issa

Dogon Dutsi, 11 ga Mayu 1958

Taubashi,

Ina gaishe ka, ina yi wa Hawwa'u barka da sauƙi. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, bai zuba ba tukuna. Gwaggonka lafiya, sai dai ta daina tambayar ranar zuwanka, abin da ya fi tambayar nauyi.

Bargo ya iso a tsakiyar bazara, an gode. Kawu ya shimfiɗa wa akuyar da ta haihu.

Ka kira ni ɓarawon ƙararrawa, na amsa, shekara talatin da uku ina amsawa. Amma tun da ka taɓo maganar, bari in yi maka darasi da ita, ai aikina ne. Ka tuna ƙararrawar tagulla ta mushenmu, malaminmu na farko, wadda ta ɓata ranar da aka sallame mu hutu? An gan ni ina wasa da ita, aka yi mini dukan da har yau in hadari ya taso bayana na tunawa. Ba a same ta wurina ba. Aka aika wa Kawu a Kore Mairuwa, don yaran garinmu shida ne a lakwal. Mi ya yi? Ya hau tudu ya yi cigiya. Amma ba ihun ne aikin ba, Issa, kuma nan ne ku masu keken rubutu kuka yi tuntuɓe. Bayan ya sauko sai ya ratsa kasuwa tun daga masu kifi har 'yan turaku, yana gaisawa da kowa, babba da yaro, mace da namiji. Duk wanda ya gaishe shi sai ya sunkuyar masa da kunne kamar kurma. Mutum ɗari uku sun ce masa "ina wuni" a kunne. Ɗaya daga cikinsu ya ce wani abu daban. Da yamma ya tafi shi kaɗai ya ciro ƙararrawa daga kogon kukar bakin tabki. Wa ya raɗa masa, ba wanda ya sani har gobe. Wanda ya ɗauka ya mayar, bai rasa mutuncinsa ba. Da haka garinmu ya zauna ba gidan kaso.

To ga yadda ake yi yanzu. Altine, Bafulatanin da ke sauka arewa da gari, karsanarsa ta ɓata. Ya je wajen Alhaji. Alhaji ya hau kamyo, ya yabi sabulu, ya yabi kananzir, sannan ya kwatanta karsanar da murya irin wadda ta sa jakuna uku suka tsinke igiya. Kowa ya ji, har na Tibiri ina jin sun ji. Sai aka yi shiru. Wanda ya san inda karsanar take, wa zai gaya wa? Ya hau kamyo a gaban kasuwa duka ya raɗa wa ƙaho? Abin nan baki gare shi, ba shi da kunne. Mako biyar ke nan, Altine na zuwa kowace kasuwa ya tsaya da sandarsa a kafaɗa yana duban mutane.

Na je na ga Kawu ranar Juma'a. Ka ce alƙalamina na ƙari, to ga magana ba gishiri. Rigarsa ta yi masa yawa. Yana magana ƙasa-ƙasa, sai na matsa nake ji, shi da a da muke toshe kunne in ya ce a miƙo masa ruwa. Ranar kasuwa ba ya fita. Kaltume ta ce da hantsi yakan ɗauki hauya ya tafi gona, alhali ba abin yi a gonar tukuna. Ta bi shi rannan daga nesa. Ta tarar da shi tsaye kan shurin da ke gefen gonar, hannu a kunne, yana cigiyar karsanar Altine ga karan bara. Ta juyo ba ta bari ya gan ta ba.

Na tambaye shi mi yake so in rubuta maka. Ya ce, "Ce mai ina gaishe shi. Kak ka takura yaro, shi ma bawan wani na."

Ni ina takura ka. Ba hutu ne aka ba shi ba.

Mani

Dogon Dutsi, 20 ga Yuli 1958

Issa,

Wata biyu da kwana tara ba amsa. Ko dai ka mutu, wanda da mun ji ta ƙahon Alhaji bayan sabulu, ko kuwa ka yanke cewa 'yan mace ba su cancanci tambarin wasiƙa ba. Gwaggonka ta ce in bar ka, wai wanda ya sa igiya a wuyansa da kansa ba a ja masa. Mu dai lafiya. Ruwa ya sauka sosai, gero ya kai gwiwa, 'yan lakwal sun koma biyu.

Ban yi niyyar sake rubuto maka ba, amma abin da ya faru ya fi ƙarfin fushina. An sace amsa-kuwwar.

Ranar kasuwar Kore Mairuwa ce, tsakar rana. Ruwa ya goce, kowa ya ruga rumfa, Alhaji da direbansa suka fake wajen mai tsire. Da aka ɗauke suka dawo, kamyo na nan, waya na lilo, ƙaho ba shi. Abu mai girman kwando, mutum ɗari biyar a wurin, ba wanda ya ga komai. Ka san mutanenmu, in suka so rashin gani ko raƙumi ne ya shiga masallaci ba su gan shi ba.

Kumandan ya ɗauki abin da zafi, don da ƙahon nan yake shirin sanar da ƙauyuka batun ƙuri'a. 'Yan gardi sun zazzage rumbuna goma sha bakwai. Sun samo tsohuwar bindiga, da tulun giya a gidan wani da ake yi wa kallon malami, ƙaho dai babu. Yanzu ƙasar Arewa duka mutum ɗaya ke da izinin magana, shi kuwa ba shi da abin yin ta. Ya gwada da bakinsa a Kieshe, ya hau kamyo ya buɗe murya, ko mai ƙosai da ke gindin tayar ba ta juyo ba. Mako uku ba shela. An yi rashi a Ɗan Kassari, 'yan'uwan da ke Tibiri ba su ji ba sai bayan addu'ar bakwai.

Shekaranjiya Alhaji ya je gidan Kawu da kansa. Kaltume ta ce ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa, ya yi gaisuwa mai tsawo har da tambayar akuya. Sannan ya ce, "Baba, cigiya na kawo."

Kawu ya ce, "Ta mi?"

"Ta ƙahona."

"Ayya. Allah shi bayyana. Ai kai ad da takarda, Alhaji. Ni ko atishawa na yi da ƙarfi, ɗan gardi na nan."

Na ɗauka tsohon ramuwa yake, na ji daɗi. Da na je sai na ga ba haka ba. Abin na cin sa. Ya ce tun da ya gaji tudun nan wurin ubansa ba a taɓa kawo masa cigiya ya mayar ba, ko ta maƙiyi. Na ce, "Kawu, in ƙahon nan ya dawo, kai zai sake rufe wa baki." Ya ce, "Na sani. To mi ya haɗa wanga da wancan?"

Ka ga irin mutanen da kuke yi wa doka.

Mani

Yamai, 14 ga Agusta 1958

Mani,

Wasiƙunka biyu rana ɗaya suka iso, ta Mayu da ta Yuli, ɗaure da zare ɗaya. Ta farkon ta yi wata biyu a jakar wasiƙu da aka manta a Doso, ta biyun ta jira hanya ta bushe. Ban mutu ba, ban kuma yi fushi ba. Muna lafiya. Na karanta ta Mayu sau uku, wurin shurin nan na ajiye ta na fita waje.

Na yi kuskure da na ɗauka wasa kake. Kullum da wasa kake magana, ban san ranar da za ka yi ta gaske da irin muryar ba.

Kwana goma sha ɗaya ina bin ƙofofi. Ban ce babana ne ba sai da aka tambaye ni, da aka tambaye ni kuma ban ɓoye ba. Shugabana ya dube ni ta saman tabarau ya ce bai san ina da dangi masu ihu ba. Satar ƙahon ce ta taimake mu, don kumandanku ya rubuto yana kuka. Ga takardar a ciki, da sunan Sallau, sankiran kasuwar Kore Mairuwa, da hatimi biyu. Ka kai ta bariki a sa hannu kafin ka ba shi.

Akwai layi ɗaya a ƙasa da ke cewa mai takardar zai sanar da hukuma duk abin da ya ji ta dalilin aikinsa in an tambaye shi. Kada ya dame ka. A kowace takarda ana sa shi, ni kaina ban ƙidaya sau nawa na buga shi ba, ban taɓa jin an yi aiki da shi ba.

Ka ce da Baba ya ci abinci. Ka rubuto mini yadda muryar ta fita.

Issa

Dogon Dutsi, 16 ga Satumba 1958

Taubashina,

Na janye rabin zagin da na yi maka, sauran rabin na ajiye don gaba. Muna lafiya, gero ya yi kai, an fara cin tumu. Gwaggonka ta ce ashe akwai mutum a cikin kwat ɗin.

Ka ce in gaya maka yadda muryar ta fita. Na rufe lakwal na hau keke don in ji da kunnena. Kawu ya sa farar rigarsa ta salla, Kaltume ta ɗinke masa takardarka cikin fata ya rataya kamar laya. Da ya hau tudun, kasuwa ta yi tsit tun bai buɗe baki ba. Ya ɗora hannu a kunne. "Masu saye ku dakata, masu sayarwa ku numfasa." Da farko ta fito da tsatsa, ta yi rawa. Daga nan ta buɗe. Ba ta kai bakin tabki kamar da ba, Issa, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ta kai 'yan turaku. Wata tsohuwa mai daddawa kusa da ni ta rufe fuska da gyale. Ni kuwa ƙura ce ta shiga idona, ko da yake an yi ruwa da safe.

Ya fara da karsanar Altine, don ita ta riga zuwa. Sannan ya ce, "Ƙahon Alhaji Tukur ya ɓata. Baƙi na, bakinai fari, ya fi mai shi murya. Wanda ya gani, Allah ya gani." Kasuwa ta kwashe da dariya, har Alhajin.

Ya sauko ya ratsa. Ban taɓa ganin gaisuwa irin ta ranar ba. Mutane layi suka yi, kowa na son ya ce wani abu a kunnen nan, har kumandan da ya zo kallo da tafintansa ya tambaya ko wani biki ne. Ni ma na sunkuya na ce ina wuni. Da la'asar ya ari jaki ya fita shi kaɗai. Ya dawo da ƙaho a kan jaki, cike da ƙaiƙayi, an ce kaza ta yi ƙwai a ciki. Bayan kwana biyu Altine ya tarar da karsanarsa ɗaure a wata gona, ta yi ƙiba.

Washegarin kasuwar aka kira Kawu bariki. Na raka shi, na tsaya bakin ƙofa. Kumandan ya yi masa godiya, ya sa aka ba shi kujera, sannan ya ce a tambaye shi sunan wanda ya raɗa masa.

Kawu ya ce, "Mutum ɗari huɗu suka gaishe ni."

Tafinta ya ce, "Wanda ya faɗi inda ƙahon yake ake nufi, Baba."

"Na gane. Ce mai ƙaho ya ɓata, ƙaho ya dawo."

Kumandan ba mugu ba ne, mutum ne mai son layi ya miƙe. Ya ce a miƙo takardar. Aka farke ɗinkin Kaltume. Ya ɗora yatsa kan layin nan naka na ƙasa, wanda ba a taɓa aiki da shi ba, ya sa aka fassara shi sau biyu. Ya ce ba zai ɗaure kowa ba, gargaɗi kawai zai yi, sunan yake so don rahoto. In ya faɗa, takarda tasa ce har mutuwa. In ya ƙi, ta zauna a teburin.

Alhaji Tukur na wurin, kuma zan ba shi haƙƙinsa. Ya ce shi ya yafe, kayansa sun dawo. Aka ce masa ba maganarsa ba ce yanzu.

Kawu ya daɗe yana duban takardar. Na san abin da yake dubawa, na ga shurin nan a idonsa. Sai ya ce da tafinta, "Hwaɗa mai, in na ba shi suna ɗaya yau, gobe in na hau tudu wa za ya matso kusa da ni? Sai in zama ƙaho na biyu. Ga shi ko kuna da guda." Ya miƙe, ya gode wa kumandan saboda kujera, ya ɗauki fatar da aka farke ya sa aljihu, wai Kaltume ta sha wahalar ɗinkinta.

Muka kama hanyar gida. Shi ne ya ce, "Ka rubuta ma Issa, ka ce takardarshi ta yi aiki. Kwana ɗaya ta yi, amma ta yi."

Ƙaho ya koma kan kamyo. Ana ta yi mana bayanin ƙuri'a tsakanin sabulu da kananzir.

Mani

Yamai, 5 ga Oktoba 1958

Mani,

Lafiya muke. Ƙuri'a ta wuce, biro ya cika da takardu, ana cewa dokoki da yawa za su sake, har da wannan. Na tambaya ko za a mai da wa Baba tasa, aka ce in kiyayi kujerata. Zan sake tambaya.

Akwai abin da zan gaya maka, kuma na fi so in rubuta da in faɗa kana kallo na.

Ni na ɗauki ƙararrawar. Shekarata goma sha ɗaya. Na ɗauka in babu ita ba za a iya kiran mu lakwal ba, sai a bar mu gida wajen tabki. Na sa ta cikin buhun kayana, na toshe harshenta da tsumma. Ina tsaye aka dake ka, ban ce uffan ba. Ranar cigiya na shiga layi, na ce a kunnensa, "Baba, kogon kuka." Ya ce, "Lafiya lau, yaro, ina gajiya," ya wuce ga na bayana. Shekara talatin da uku ina cin tuwo a gidansa, ko da ido bai taɓa tuna mini ba. Ni kuma na ɗauki sunan na liƙa maka, don in ina kiran ka da shi ba mai duba ni.

Da wannan hannun na buga layin da ya karɓe masa takarda. Ban ga abin da ke ciki ba, ni da na fi kowa sanin abin da kunnen nan ya riƙe.

Ka yi mini duk zagin da ka ga dama, na ci bashinsa. Zan zo da salla.

Issa

Dogon Dutsi, 26 ga Oktoba 1958

Zuwa ga ɓarawon ƙararrawa, na biron labarai a Yamai.

Gaisuwa. Ka ga sunan ya fi zama daidai a kanka, kamar don kai aka ɗinka. Muna lafiya, an gama girbi, 'yan lakwal sun dawo su talatin da tara. Bayana ya ce a gaya maka bai yafe ba tukuna, amma ni na yafe, sai ku daidaita tsakaninku in ka zo.

Kawu bai sake hawa tudu ba, kuma ina jin ba zai sake ba, ko an kawo takarda. Muryar ta tafi da ranar nan. Amma yana fita kasuwa yanzu. Yakan zauna gindin tsamiya kan bargonka, akuya ta gama da shi. Alhaji ya yi cigiya da ƙahonsa, in ya gama sai ka ga mutane sun bi ta gindin tsamiya ɗaya bayan ɗaya suna gaida tsoho a kunne. Ɗan gardi na tsaye yana kallo. Na sake karanta dokarka daga sama har ƙasa, ba inda ta hana gaisuwa. Don Allah kada ka gaya wa keken rubutunka.

Na kai masa wasiƙarka ranar kasuwa. Na zauna kusa da shi na ce, "Kawu, Issa ya faɗa da bakinsa. Shi ya ɗauki ƙararrawar lakwal, ni aka daka." Na ɗauka zai yi dariya, ko ya ce ai ya daɗe da sani.

Ya ɓare goro, ya ba ni rabi. Ya ce, "Wace ƙararrawa?"

Na ce, "Ta tagulla, Kawu. Wadda ka ciro a kogon kuka. Ga shi ya rubuta da hannunsa."

Ya ce, "To, shi ya rubuta. Ni mutum ɗari uku suka gaishe ni ran nan."

Ka taho da salla. Ka bar igiyar wuyan a Yamai, gwaggonka na son ta ga wuyan.

Naka,
Mani